Ɗigon Jan Farce a Akwati na Bakwai

Ku da kuka cika mini akwatin saƙo kuna tambaya ko lafiya, lafiyar jiki dai ƙalau. Kwana huɗu ina buɗe shafin nan ina rufewa, don abin da zan faɗa muku yau ya shafi mutum biyu da na fi so a duniya, kuma babu wanda ya fita da farin hannu a cikinsu.

Wanda yau ya fara karanta ni, sunana Tijana, shekarata ashirin da shida, a garin Leskovac aka haife ni. Ni kaɗai ce mace cikin masu aikin wuta a masana'antar da ke dafa ajvar, miyar gasasshen tattasan nan da muke shafa wa burodi duk hunturu. Watan Satumba ne, lokacin da garinmu ba ya warin komai sai tattasai a kan wuta, masana'anta kuma ba ta hutawa ko Lahadi.

Ku yi haƙuri in ɗan kai ku wajen aikina, don idan ba ku gane shi ba, ba za ku gane irin wulaƙancin da aka yi mini ba. A babban zauren da muke dafa kwalabe akwai kebul guda mai kauri da ya bi bango daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Duk na'urorin auna zafi da bawul-bawul na tukwanen tururi a jikinsa suke rataye. Ta cikinsa suke gaya wa kwamfuta halin da suke ciki, ta cikinsa kuma suke samun 'yar wutar da ke rayar da su, volt ashirin da huɗu. Wutar kamar abincin gidan yawa ce da aka auna daidai bakin mutane, wani baƙo ya sa hannu, na ƙarshen layi ya kwana da yunwa. Shi ya sa doka ta farko a aikinmu ita ce ba a jona wa wannan kebul komai, ko fitilar gwaji. Ni na auna shi a bara, ni na ƙara masa na'urar ba da wuta ta biyu, ni na rufe komai a akwati na bakwai na ɗana masa kwaɗona mai sunana a jiki.

Doka ta biyu kuwa, kwaɗon ma'aikacin wuta makulli ɗaya gare shi, a aljihunsa yake kwana. Nawa biyu ya zo da su. Na biyun na bai wa Dalibor.

Kun san Dalibor, shugaban masu gyara na rana, mai dogon wuya da murmushin da ya sa na rubuta muku shafi uku a kansa a watan Mayu. A bakin kogi ya karɓa, muna cin masara gasasshiya, ya ce, "Kawo in ajiye miki, ke da ko 'yan kunnenki ba kya sanin inda kika yar." Na ciro na ba shi ina jin daɗi wai ga mai kula da ni. Ku yi mini dariya, na cancanta.

Ranar Laraba da hantsi ina ɗakin sauya kaya ina cin burodi da cuku, ƙararrawa ta ɗauka. Na fito a guje na tarar da allon kwamfuta ya yi ja, na'urorin ƙarshen layi guda goma sha ɗaya sun yi gum. Su dawo, su sake ɗaukewa. Da aka duba baya, ashe tun safe suke wannan wasan ba wanda ya lura. Ma'ana, babu mai iya rantsuwa cewa kwalaben da aka dafa tun ƙarfe shida sun kai zafin da ke kashe ƙwayar cuta. Dole a zubar. Na ga matan layi tsaye suna kallon motar ɗaga kaya tana kwashe aikinsu na rabin yini zuwa bola, tattasan da suka ɓare da hannu har farcensu ya yi baƙi. Ɗaya daga cikinsu kuka take yi a hankali.

Darakta Cvetković ya sauko da kansa. Na auna wuta a ƙarshen layi, goma sha ɗaya na gani maimakon ashirin da huɗu. Na bi kebul akwati-akwati, shi da Dalibor da wasu huɗu suna biye da ni, har na iso na bakwai. Kwaɗona na nan daram. Na buɗe.

Wata baƙuwar waya ja na gani, an jona ta a bakin na'urar ba da wuta, an zura ta ƙasan akwatin ta tafi wajen sabon injin manna takarda da aka kawo makon jiya. Duk sanda injin ya motsa, sai ya zuƙe abincin sauran.

Amma ba wannan ne ya fi ɗaukar hankalina ba. Yadda aka naɗe bakin wayar a wuyan sukurun ne. Duk wanda ya koyi aiki a hannun mahaifina ya san dama ake naɗewa, yadda in ka ɗaure sukuru zai ja wayar ciki. Wannan hagu aka naɗe ta, sili biyu sun tsero waje kamar gashin baki. Mutum ɗaya na sani da hannunsa ke yin haka in yana sauri. Bahago ne. Shekara uku yana koyon aiki a garejinmu, Tata, wato mahaifina, yana buga masa bayan sukurudireba a yatsu saboda wannan naɗin, ina leƙe ta taga ina dariya.

Ban san lokacin da na ciro wayar hannuna na ɗauki hoto ba. Sabo ne kawai, kafin in taɓa komai nakan ɗauka.

"Wa ke da makullin akwatin nan?" Darakta ya tambaya.

Na juya na kalli Dalibor. Na rantse muku na ba shi lokaci. Na ƙirga har biyar a zuciyata ina jira ya buɗe baki.

Ya buɗe kuwa. "Kwaɗon mutum makulli ɗaya gare shi, ranka ya daɗe. Doka ce." Ya faɗa yana kallon takalminsa.

Darakta ya miƙo hannu na ɗora masa makullina da katin shiga. Ya ce a cire injin daga wancan ƙarshen, a mayar da kwaɗo, kada kowa ya taɓa akwatin sai Litinin da kwamitin bincike zai zo ya gani da idonsa. Ni kuma in je gida in huta. Hutu ya kira shi. In kwamiti ya ce ni ce, takardar shaidar aikina ta tafi, kuma a garin da kowa ya san kakar kowa, ko soket ba za a sake kirana in gyara ba.

Ina tsaye a tashar bas saƙon Dalibor ya shigo, da sunan da na kusa da ni ke kirana.

"Tico, kar ki yi fushi. Zan yi bayani."

"Ina ji."

"Injin ya kwana shida a tsaye ana jiran kayan jona shi. Darakta ya matsa mini. Na ce na kwana biyu ne kawai."

"A akwatina."

"Wata mai zuwa za a ba ni shugaban sashe gaba ɗaya. In aka ji na buɗe kwaɗon wani, kora ce kai tsaye. Ke kuwa gargaɗi ne, a mayar da ke sito. Duk don mu ne."

Ya biyo da jar zuciya har uku. Ni da na yi shekara huɗu ina karatun lantarki, sito zan koma ina ƙirga safar hannu, wai duk don mu.

Ga inda abin ya ƙara cakuɗewa. Asabar ɗin nan, wato jiya, ita ce ranar da aka sa iyayen Dalibor za su zo neman aurena. Kuma Darakta Cvetković shi ne kum ɗinsu, shi ya riƙe Dalibor a coci ranar baftisma, shi zai tsaya mana shaida ranar aure. Ba a zuwa neman aure a bar kum a gida.

Na tarar da Mama a tsakar gida gaban murhun ƙarfe, ɗankwali a ka, buhu shida na tattasai jingine da bango. Labari ya riga ni zuwa, kamar kullum. Na zauna a kan kujerar roba na ja kwano ina ɓare bawo, na gaya mata komai, har da makullin.

Ba ta ɗago ba. Ta juya tattasai biyu da yatsa tukuna.

"To, sai aka yi yaya?"

"Mama, ƙarya ya yi a kaina a gaban mutum shida."

"Tsoro ya ji. Namiji in ya ji tsoro haka yake, ubanki ma ya yi wanda ya fi wannan." Ta jefa ɗaya a tukunya. "Ke da kike shirin haihuwa nan da shekara, wa zai bar ki kina hawa tsani da ciki? Aikin nan dama na ɗan lokaci ne. Na toya kek kala huɗu, na gaya wa ƙanwata ta taho daga Niš, rigarki tana wajen tela. Kina so in fita layi in ce musu me? An fasa saboda waya ja?"

"Saboda sunana."

"Ɓare da kyau, kina barin baƙi a jiki."

Ban yi mamakin Mama ba. Tun ranar da na sa rigar aiki shuɗiya take kallona kamar na ɗauko wata cuta. Zuciyata a kan Tata take. Majstor Zoran, wato gwanin sana'a Zoran, haka garin nan ke kiransa, shekara talatin da takwas yana aikin wuta a wannan masana'anta, har yau da ya yi ritaya in lokacin tattasai ya zo sai sun nemi shawararsa. Shi ya sa mini fulaya a hannu ina shekara tara. Bai taɓa ce mini 'yata ba, ɗana yake cewa, kamar yadda iyayenmu maza ke yi in suna ji da 'ya. Shi ya koya mini in na ɗaure sukuru na tabbatar, in ɗiga masa jan farce a ka, don duk wanda ya buɗe ya san hannun wa ya wuce ta nan. Na Mama yake sata, ja mai duhu, suna faɗa a kai tun kafin a haife ni. Mu biyu kaɗai ke yin wannan ɗigon a duk Leskovac.

Na same shi a gareji yana warware wata tsohuwar fanka. Na miƙa masa hoton. Ya sauko da tabarau daga goshi, ya buɗe hoton da yatsu biyu, ya daɗe yana kallo.

"Jakin nan," ya ce a hankali. "Har yanzu hagu yake naɗewa."

Hawaye suka zubo mini don daɗi. Ban faɗi suna ba, shi ya gani da kansa.

"Litinin kwamiti za su buɗe, Tata. Duk mai ido zai ga ba hannuna ba ne."

Ya mayar mini da wayar, ya shafa kaina da hannunsa mai warin man inji. "Je ki taya uwarki, ɗana. Bar mini wannan."

Na bar masa. Alhamis da Juma'a na yi su ina ɓare tattasai, ina juya tukunya da muciya mai tsawon mutum, ban amsa kiran Dalibor ko ɗaya ba. Da tela ta kawo rigar ma na gwada, kore ce mai duhu, dogon hannu, da ƙananan maɓallai goma sha biyu a baya. Na ce a raina bari in bar Mama ta yi shagalinta, Litinin gaskiya za ta yi aikinta ba sai na ɗaga murya ba.

Jiya da safe, wajen ƙarfe goma, ina zaune an naɗe mini gashi, saƙon Biljana ya shigo. Ƙawata ce tun firamare, a layin kwalabe take aiki.

"Tico, tun jiya nake ta tunani ko in faɗa miki ko in yi shiru."

"Faɗi."

"Babanki ya shigo jiya lokacin cin abincin rana. Shi da Dalibor. Sun buɗe na bakwai. Ina bayan tulin kwali ba su gan ni ba. Da suka je wanke hannu na leƙa."

Hoto ya biyo baya.

Baƙuwar wayar tana nan inda take. Amma an sake yanke bakinta tsaf, an naɗe ta dama, ko sili ɗaya bai tsero ba. An ɗaure ta a jikin 'yan'uwanta a miƙe kamar da ita aka haifi akwatin. A kan sukurun kuma ga ɗigon jan farce, ja mai duhu, yana sheƙi.

Na zauna ina kallonsa har allon ya mutu. Duk wanda ya buɗe akwatin nan ranar Litinin zai ga sukuru talatin masu ɗigona, da na talatin da ɗaya. Ba sai an tambayi kowa komai ba.

Da abin naɗin gashi a kaina na tafi gareji. Yana tsaye yana goge takalmin coci, ya riga ya sa farar riga.

"Tata, ina kwalbar jan farcen Mama?"

Hannunsa ya tsaya. Bai yi mini ƙarya ba, wannan kam zan ba shi. Ya sa hannu a aljihun tsohuwar rigar aikinsa da ke rataye, ya ciro ta ya ajiye a kan tebur tsakaninmu.

"Wa ya gaya miki?"

"Ka ce in bar maka."

"Kuma na gyara. Zauna, ɗana."

"Ba zan zauna ba."

Ya ja numfashi. "Yaron nan ya zo nan ranar Alhamis kina kasuwa, ya yi kuka kamar jariri. In aka kama shi, ya gama. Ba shi kaɗai ba, kum ɗinsu zai ji kunya, ubansa da muka yi soja tare zai ji kunya, auren ya watse. Na ba uban nasa hannuna na alkawari tun bikin Ista. Ke kuwa na yi magana da Cvetković, ya ce kuskuren yarinya ne, za a rufe."

"Ya san gaskiya?"

"Bai tambaya ba, ban faɗa ba."

"Shekara goma sha bakwai kana gaya mini ɗigon nan rantsuwa ce. Ka ce kada in taɓa sa shi a kan aikin da ban yarda da shi ba."

"Haka ne."

"Ka sa shi a kan aikin da ya zubar da gumin mata arba'in. Da sunana."

Ya ɗauki buroshin takalmi ya sake ajiyewa. Sai ya faɗi maganar da har in mutu ba za ta bar kunnena ba, kuma a tausashe ya faɗe ta, kamar mai lallashi.

"Sunanki nan da wata biyu zai canja, Tijana. Za ki ɗauki nasa. Shi kuwa da nasa za a binne shi. Wanne ya kamata in tsare?"

Tijana ya ce. A wannan karon bai ce ɗana ba.

Abin da Dalibor ya yi mini ya yi zafi, amma tsoro ne na minti ɗaya. Tata kwana biyu ya yi yana tunani. Ya shiga ɗakin Mama ya ɗauko kwalba, ya hau keke ya tafi, ya durƙusa a gaban akwatina da gwiwarsa mai ciwo, ya yi aiki mai kyau, mafi kyawun da ya iya, don kada kowa ya yi shakkar nawa ne. Ban taɓa jin an ci amanata irin haka ba, kuma ban san inda ake kai ƙarar uba ba.

Ƙarfe ɗaya suka iso da mota biyu. Mama ta ɓalla mini maɓallan nan goma sha biyu tana ce mini in saki fuska. Dalibor ya shigo da kwat ruwan toka da furanni, ya sumbaci hannun Mama, ya kalle ni da idon ɗan akuyar da ya ci shanya. Ubansa ya rungume Tata. Aka zaunar da Darakta Cvetković a kujerar kan tebur, ƙarƙashin hoton waliyyin gidanmu. Aka sha giyar gida, aka yi zancen tsadar tattasai da ƙwallo, sannan uban Dalibor ya gyara murya ya faɗi abin da ya kawo su.

Tata ya ce, "Mu mun yarda. Amma a gidan nan yarinya ce ke dafa gahawa."

Aka yi dariya. Al'ada ce, kowa ya ɗauke ta wasa yanzu. In yarinya ta kawo gahawa da sukari, ta amince. In ta kawo ta da ɗaci, baƙi su sha su nemi hularsu, ba sai an yi wata magana ba. Mama ta ce rabon da a ji an kawo mai ɗaci a unguwarmu tun tana budurwa.

Na shiga kicin na ja ƙofa. Na ɗora ruwa, na jera finjalai bakwai masu bakin zinariya da ba a fito da su sai ranar waliyyi. Wayata na kan tebur da hotuna biyu a ciki, na Laraba da na Juma'a, kowanne da kwanan wata da sa'a. In na nuna na farko kaɗai, za a ce ina aka samo ɗigo. In na nuna duka biyun, ba Dalibor kaɗai na kayar ba. Majstor Zoran, wanda shekara talatin da takwas ba a taɓa kama shi da sukuru sako-sako ba, zai zama tsohon da ya buɗe akwatin da aka hana taɓawa ya ɓata shaida. Ba zai sake iya zama a shagon aski ba.

Na ɗauki gwangwanin sukari. Na buɗe. Ina jin muryar Dalibor ta bango yana ba su labarin gidan da za mu kama kusa da kogi.

Na rufe gwangwanin na mayar da shi kan kanta.

Na zuba gahawar, na ɗora wayata a tsakiyar tire, allo a kunne, hoton Laraba a sama, yatsa ɗaya zai kai ka na Juma'a. Da na shigo Mama tana murmushi tana matse hankici. Bisa tsari kum ake fara miƙa wa, sannan mai neman aure. Dalibor har ya ɗago hannu, na hagun.

Na wuce shi. Na wuce Darakta. Na tsaya a gaban Tata na miƙa masa finjalin farko.

Ya karɓa yana kallona, ya kai baki ya kurɓa. Ya haɗiye ɗacin. Bai ajiye ba, idonsa ya sauka kan wayar.

"Yaya dai, Majstor?" Darakta ya tambaya yana dariya. "Ta zuba da yawa ne?"

Na juya na sauke tiren gaba ɗaya a gaban Darakta.

"Naka ne, kum," na ce. "Ka sha da zafinta, sannan ka duba hoton. Akwai wani a bayansa."